Kafin ka ce a yi mata fulashin: jagorar buɗe wayar da ta kulle

Wata safiyar Asabar wata Hajiya ta zo rumfata a nan Garwa, da waya ƙunshe a bakin mayafi. Ta maigidanta ce, Allah ya ji ƙansa, bai cika wata biyu da rasuwa ba. Ɗan kasuwar atamfa ne, duk sunayen waɗanda suka ɗauki kaya bashi yana cikin wayar, ga hotunan aurar da 'yarsu. Ta ce, "Ɗana, zanen kullen allon nan kawai nake so a cire mini." Da na kunna sai allo ya tarbe ni da Bienvenue kamar sabuwa. Ashe ta fara biyawa wata rumfar, yaron wurin ya goge wayar yana ganin taimako ya yi. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, abin da ke ciki ya riga ya tafi, babu injin da zai dawo da shi." Ta daɗe a zaune kan bencin ba ta ce komai ba.

Yaron nan ba mugu ba ne. Da ilimin shekara goma da suka wuce ya yi aiki, wayar kuwa ta yanzu ce. Saboda irinsa, da masu wayar da ke miƙa ta ba tare da tambaya ba, na zauna na rubuta wannan.

Abin da ya sauya a cikin waya

A da, zane ko lambar sirri kwaɗo ne a ƙofar shago. Ka ɓalle kwaɗo, kaya na nan yadda aka bar su. A tsofaffin Android akwai wani ɗan fayil mai suna gesture.key, muna share shi zane ya ɓace, hotuna su tsira. Idan waya ta mutu kuma, ana iya ɗaga guntun ma'ajiyar a karanta shi a wani injin.

Yau ba ƙofar kaɗai aka kulle ba, kayan da kansu aka juya su suka zama tarkacen lambobi. Wannan shi ne sirrantawa. Apple ta ɗaura bayanan iPhone ga lambar mai ita tun iOS 8 a 2014. Google ta wajabta sirrantawa ga wayoyin da ke da ƙarfin ɗauka a Android 6.0 a 2015, ta kawo sirranta kowane fayil da makullinsa a Android 7.0 a 2016, sannan daga Android 10 a 2019 duk sabuwar waya da shi take fitowa. Har ƙananan wayoyi masu arha ba su tsira ba, domin a 2019 ɗin aka fito da tsarin Adiantum musamman saboda raunanan injina.

Makullin da ke warware wannan tarkace rabi biyu ne. Rabi yana kan mai waya, wato lambarsa ko zanensa. Ɗaya rabin an dasa shi a wani keɓaɓɓen ɗaki cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar wayar, tun daga masana'anta, wanda Apple ke kira Secure Enclave, ya kuma fara zuwa da iPhone 5s a 2013. Sai rabin biyu sun haɗu a cikin wannan wayar ita kanta sannan bayanai su buɗe. Shi ya sa ko ka kwafe ma'ajiyar gaba ɗaya zuwa kwamfuta, shara ka kwasa.

Akwai abu na biyu da mutane ke cakuɗawa da wannan, shi ne hatimi. Manhajar tushe, wadda mu masu gyara muke kira fayil ɗin fulashin (fulashin shi ne sake zuba ta a waya), tana ɗauke da hatimin kamfanin da ya ƙera wayar. Idan ka danna makunni, wani ɗan umarni da aka ƙone a cikin furosesa, wanda ba ya goguwa, shi ne ke fara farkawa. Kamar dogari yake a ƙofar fada: ya duba hatimin mai tada waya, wato butloda, shi kuma ya duba na gaba da shi, a haka har Android ta tashi. Wanda hatiminsa bai yi daidai ba, nan tafiya ta tsaya. Na uku, wasu kamfanoni suna sirranta fayil ɗin fulashin ɗin kansa: na Samsung yana saukowa daga rumbunsu da ƙarshen suna enc4 sai an warware shi, Oppo da Realme suna da ozip da ofp. Wannan na ukun shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Ko ka warware fayil ka leƙa cikinsa, da ka canja harafi ɗaya hatimi ya karye, waya ta ƙi shi.

Mataki na 1: kada ka kashe ta, kada ka goge komai

Wayar da aka buɗe ko sau ɗaya bayan kunnawa, makullanta suna a farke. Yatsa ko fuska suna aiki ne a wannan halin kawai. Da ta mutu ta sake tashi, ba ta sauraron yatsa, sai lamba. Don haka wanda ya manta lambarsa amma yatsansa na buɗewa, ya sa ta a caji, ya kwashe hotuna da lambobin mutane yanzu yanzu, domin Android takan nemi lambar da kanta bayan awa 72. Idan gilashi ne ya fashe hoto na fitowa amma taɓawa ba ta aiki, ka nemi wayar OTG ka jona linzamin kwamfuta ka zana zanen da shi. Mutane da yawa sun tsira da wannan ƙaramar dabara.

Ka cire layi da katin mamori ka ba mai su a hannu. Sai dai ka tambaya: an taɓa mayar da katin ya zama ma'ajiyar ciki? Idan an yi haka, shi ma sirrantacce ne, yana gogewa tare da wayar, ko a wata wayar ba zai karantu ba.

Mataki na 2: gano wane kulle ne

A kasuwa komai dekodaj muke ce masa, alhali kulle biyar ne, kowa da maganinsa. Akwai kullen allo, wato zane ko lamba. Akwai kullen asusu, na Google da ake kira FRP wanda ya zo da Android 5.1 a 2015, da na iCloud da ya zo da iOS 7 a 2013. Akwai kullen layi, wayar ta ƙi karɓar MTN ko Orange, ko a Injamena ta ƙi Airtel da Moov. Akwai kullen butloda. Sai kullen bashi, na wayoyin da aka saya biya kaɗan kaɗan.

Ka danna *#06# ka rubuta lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, a takarda, ka gwada da ta jikin kwali ko tiren layi. A Samsung, shiga yanayin da ake kira Download, ƙananan rubutun saman allo za su nuna maka halin FRP, OEM (kullen butloda) da KG (Knox Guard, kullen bashi). A iPhone mai buɗewa, je Réglages, Général, Informations, ka duba layin kullen kamfanin sadarwa.

Kullen bashin nan ya kamata mutanenmu su san shi. Wayoyi suna tsallako iyaka daga Mubi da Yola da Maiduguri, a sayar da su da arha a Garwa ko Marwa ko Kuseri, su yi sati biyu lafiya, ran nan allo ya rufe da saƙon a biya. Tsari irin su Knox Guard da PayJoy suna ɗaure da lambar wayar a rumbun kamfani, ko an goge ta tana hawa intanet kullen ya dawo. Wanda ya ba da bashin ne kaɗai ke sakinta.

Mataki na 3: wayar wa ce?

Gajere ne amma ba na tsallake shi. Rasit, kwali, ko mai ita ya shigar da asusunsa a gabana. Babu ɗaya daga ciki, ba na taɓawa, kuma ba na canja IMEI ko nawa za a biya. Kowa a garin nan ya san wanda aka fizge wa waya a kan mashin, wannan kullen kuwa shi ne abin da ke rage wa ɓarawo riba.

Mataki na 4: kullen allo

Nan ne gaskiya ke da ɗaci. Idan wayar Android 10 ce ko sama, ko iPhone ta zamani, kuma lambar ta ɓace daga kan mai ita, hanya biyu ce: ya tuna, ko a goge. Duk wanda ya ce maka zai cire zane bayanai su tsira, ka tambaye shi wace Android ce a wayar. Wanda ya gwada tsohuwar dabarar share fayil ɗin kulle a irin wannan waya, abin da zai samu shi ne waya mai cewa tana tashi har abada, da fayiloli masu sunaye kamar rubutun aljanu.

Gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya fa? Lamba huɗu haɗuwa 10,000 ce, shida miliyan ɗaya, zane a kan ɗigo tara kuwa 389,112. Kwamfuta za ta gama su kafin shayi ya huce, amma keɓaɓɓen ɗakin nan shi ke ƙirga kuskure. Bayan biyar ya sa ka jira, kana ƙarawa jiran yana tsawo, iPhone ma tana da zaɓin goge kanta bayan kuskure goma. A 2016 hukumar FBI ta Amurka sai da ta kai Apple kotu a kan iPhone 5c guda ɗaya ta harin San Bernardino, a ƙarshe ta biya wasu ƙwararru na waje suka buɗe mata. Masu gyara sukan ambaci checkm8, ɓarakar da aka bayyana a 2019 a furosesa daga A5 zuwa A11, wato iPhone 4S zuwa iPhone X. Gaskiya ce, kuma Apple ba ta iya toshe ta domin a ƙone take a jikin guntun, amma ƙofar dogari ta buɗe, ba ta miƙa maka lambar mai waya ba.

To me za a yi? Ka zaunar da mai wayar, ka hana shi dannawa da fushi. Ya rubuta a takarda lambobin da ya saba sawa: ta katin banki, ta Orange Money ko MoMo, shekarar haihuwar ɗa, ƙarshen tsohon layinsa. A gwada a tsanake, ana ƙetare wadda ta faɗi. Idan wayar mamaci ce, a tambayi yaran gida, sau da yawa ƙaramin da ke wasa da ita ya fi uwarsa sanin zanen. Kafin a yanke shawarar gogewa, a shiga asusun Google ko iCloud a kwamfuta a ga abin da ya riga ya hau: lambobin mutane, hotuna, ajiyar WhatsApp. Sai ka faɗa masa ƙarara abin da zai rasa, ya amince da bakinsa, sannan ka goge.

Wayar da ta mutu murus, ta faɗa ruwa ko ta ƙone, hukuncinta ɗaya. Ɗaga ma'ajiya ita kaɗai ba ya amfani. Dole a raya injin, ko a ɗauke furosesa da ma'ajiya tare a dasa su a wani injin irinsa, kuma bayan duk wannan wahala sai an sa lambar.

Mataki na 5: kullen asusu

Gogewa ba ta cire shi, an yi shi ne domin ya tsira daga gogewa. Hanyar da ba ta cutarwa ita ce dawo da asusun. A kwamfuta ko wata waya, a nemi sabuwar kalmar sirri ta Google da layin da aka yi rajista da shi. Nan za ka ga darajar tsohon layi: idan ya ɓata, mai shi ya je ofishin kamfanin da katin shaidarsa a sake masa kafin a ba wani lambar. Google tana shawartar a jira awa 24 bayan canja kalmar sirri kafin a goge waya, saboda haka idan ta ƙi karɓa nan take, a bari ta kwana. Apple tana karɓar buƙatar cire kullen iCloud idan akwai rasit mai ɗauke da lambar wayar. Masu Tecno, Infinix da itel, waɗanda duk na kamfanin Transsion ne, suna da cibiyoyin Carlcare, a je da shaidar saye.

Tsallake iCloud da ake talla a Facebook ba cirewa ba ne. Kullen yana rumbun Apple, ba a cikin wayar ba. Rufe masa fuska kawai ake yi, ranar da aka sabunta ko aka goge ya dawo, sau da yawa ma layi ba ya aiki.

Mataki na 6: kullen layi

Wannan ba ya taɓa bayanai, kuma shi ne mafi yawan abin da ke damun wayoyin hannu da ake kawowa daga waje. Kanada ta hana sayar da kullallun wayoyi tun Disamba 2017, Ingila ta bi a Disamba 2021, amma na Amurka da yawa har yanzu suna zuwa a kulle. A Android, kamfanin da ya kulle shi ke ba da lambar buɗewa ko ya saki wayar ta manhajarsa, kuma damar gwaji ƙididdigagga ce, kada a yi ta cusa lambobin intanet. A iPhone babu wurin sa lamba, kamfanin ne ke sanar da Apple ta canja matsayin IMEI ɗin. Wani abin lura: iPhone 14 da na bayanta da aka yi wa kasuwar Amurka tun 2022 ba su da ramin layi, sai eSIM, layin da ake saukarwa cikin waya ba tare da kati ba. Ka tabbatar kamfaninka zai sa maka kafin ka zaro sefa.

Mataki na 7: idan fulashin ya zama dole

Fulashin maganin manhajar da ta lalace ne, wayar da ta tsaya kan tambari ko take ta kashe kanta. Idan ya kama, ga yadda nake yi.

Ka fara sanin injin: MediaTek, Unisoc, Qualcomm ko Exynos. Ka karanta lambar samfur har harafin ƙarshe, domin waya biyu masu suna ɗaya a kwali na iya ɗauke da inji daban. Sannan ka duba zubin manhajar da ke kanta, saboda wayoyin yanzu ba sa komawa baya. A Samsung, ƙirga harafi na biyar daga ƙarshen lambar zubi. Idan ta ƙare da U2BVB4, matakinta 2 ne, fayil mai 1 ba zai shiga ba, Odin, manhajar kwamfuta ta yi wa Samsung fulashin, zai tsaya da saƙon SW REV CHECK FAIL. Samsung ƙin karɓa kawai take yi, amma a 2018 da Xiaomi ta sa irin wannan kariya a Redmi Note 5, waɗanda suka koma tsohon zubi wayoyinsu mutuwa suka yi.

A MediaTek, kafin komai ka ajiye kwafin nvram da nvdata, nan IMEI da saitin sadarwa suke. A SP Flash Tool ka zaɓi Download Only. Format All + Download ya kashe wayoyi fiye da ruwan damina: waya ta tashi fes amma babu IMEI, babu sabis, wani lokaci yatsa ya daina aiki. Idan manhajar ta nemi fayil ɗin izini, hatimin nan ne ke magana, furosesa ba ta yarda da kowane mai shigar da kaya. Haka Qualcomm take a yanayin shigar da kaya na 9008, sai fayil ɗin shigarwa na firehose mai hatimin kamfanin da ya ƙera wayar, wasu Xiaomi ma sai asusu mai izini ta intanet. A 2021 an bazu da wata ɓaraka da ke tsallake izinin a tsofaffin MediaTek, amma sababbin injina sun toshe ta. Shi ya sa bokis ɗin, wato na'urar fulashin, da ya yi maka aiki bara yake ƙi bana, kuma aikin da a da kyauta ne yanzu sai an sayi kuɗin shiga.

Ga abin da ya shafe mu nan arewa: kada ka fara fulashin da kwamfutar tebur ba tare da batirin ajiya ba. A watan Maris da Afrilu, zafi na dukan kwano wuta na zuwa tana tafiya, idan ta ɗauke ana tsakiyar rubuta butloda, wayar ta zama dutse. Laftof mai cikakken caji, wayar USB mai kyau, batirin waya ya haura rabi.

Mataki na 8: buɗe butloda

Samari masu son saka wata manhajar su ke nema. Ana danna Numéro de build sau bakwai, a shiga Options pour les développeurs a kunna Déverrouillage OEM, sannan a ba da umarnin fastboot flashing unlock daga kwamfuta. Ka lura, sai wayar tana buɗe ake kaiwa wannan makunnin, kuma da an buɗe butloda wayar tana share makullanta, komai ya tafi. Da gangan aka yi haka domin kada ya zama ƙofar baya. A da Xiaomi takan sa jiran awa 168, Huawei ta daina ba da lambobin buɗewa tun 2018. A Samsung, saka manhaja marar hatimi yana ƙona wani ɗan fis na Knox wanda ba ya gyaruwa, Dossier sécurisé, akwatin sirri na wayar, ya tafi ke nan. Manhajojin banki da na kuɗi kuma suna iya ƙin buɗewa. Wanda kasuwancinsa ke kan wayarsa, ba na ba shi shawarar yi.

Ba waya kaɗai ba

Tsofaffin modem na Huawei, daga IMEI ake lissafo lambar buɗewa mai lamba takwas, da damar gwaji goma. Sababbin MiFi sun bar wannan tsarin, sai manhaja mai hatimi. Laftof ma ta shigo layi: Windows 11 da ta fito a 2021 tana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0, da yawa kuma suna zuwa da BitLocker, tsarin sirrantawa na Windows, a kunne mai ita bai sani ba. Ka canja inji ko ka taɓa saitin BIOS, shuɗin allo ya nemi makulli mai lamba 48. Galibi yana cikin asusun Microsoft na mai ita, ka sa ya nemo shi kafin ka kwance ko dunƙule ɗaya.

Mataki na ƙarshe: miƙa waya

Ka sake danna *#06# ka gwada da takardar farko. Ka sa layi a ramukan biyu ka kira, ka gwada intanet, kyamara da yatsa. Kada ka buɗe wa mutum asusun Google da layinka ko da kalmar sirrin da kai kaɗai ka sani, wannan ɗabi'a ita ce rabin kullen FRP da ke dawowa rumfunanmu. Ya buɗe da layinsa, ya rubuta adireshin da kalmar sirrin da lambar allo a takarda, da boko ko da ajami, ya ajiye inda yake ajiye takardun fili. Ka kunna masa ajiyar lambobi da hotuna da ta WhatsApp a gabansa. Mai iPhone ka nuna masa Contact légataire, wanda ya zo da iOS 15.2 a 2021, inda zai zaɓi wanda zai karɓi bayanansa bayan ransa. Google ma tana da irinsa ga asusun da aka daina taɓawa.

Hajiya ta dawo bayan kwana uku da layin marigayin, babban ɗansu ya same shi a aljihun jallabiya. Da shi muka dawo da asusun Google, lambobin mutane suka sauko, da ajiyar WhatsApp ta watan da ya gabaci rasuwarsa. Littafin bashin yana cikin wata manhajar rubutu da ba ta taɓa hawa intanet ba, shi bai dawo ba. Daga saƙonnin WhatsApp ɗin ne ita da ɗanta suka zauna da biro suna tsamo sunayen masu bashi ɗaya bayan ɗaya.